Uwa da 'Yarta: Abubuwan Mamaki Daga Basirka Zuwa Unguwar Sinawa

Amy Tan, marubuciyar da aka haifa a Oakland ta jihar Kalifoniya a 1952, duniya ta san ta ne da rubutu a kan mahaifiyarta. Amma ba ta san ainihin sunan uwar ba sai a 1999, a ranar ƙarshe ta rayuwar tsohuwar. Da sunan Turawa ta san ta, Daisy. A ranar ce ta ji sunan da aka raɗa wa uwar a ƙasar Sin, ta ji na kakarta ma.

Ba'amurke zai ji wannan ya riƙe baki. Mutumin Basirka ko Gwaram kuwa sai dai ya gyaɗa kai. Yara nawa ne a garuruwan nan suka tashi suna kiran Inna, ko Umma, ko Iya, ba su taɓa jin sunan yankan mahaifiyarsu ba sai ranar cike takardar makaranta ko ta katin ɗan ƙasa? Shi ya sa nake ganin littattafan da 'ya'yan Sinawa baƙin Amurka suka rubuta a kan iyayensu mata sun fi kusa da mu a kan Turawan da suka fi sayensu.

'Yar fari

A gidajen Fulani da Hausawan ƙasar Birnin Kudu har yau akwai uwar da ba ta kama sunan 'yarta ta fari. Sai dai "'yar nan", ko "waccan", ko ta ce wa ƙaramar, "Je ki kira yayarki." Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, kuma da an yaye ta galibi kaka ko gwaggo ke ɗauka. Wanda bai san kunya ba zai ce ƙiyayya ce. Ya bari yarinyar ta kwanta ciwo, ya ga wadda za ta kwana a zaune.

Duk da haka abin yana barin tabo. Abubakar Adam Ibrahim ya taɓo shi a littafinsa Season of Crimson Blossoms na 2015: Hajiya Binta, wadda ita ma uwarta ba ta sake da ita ba saboda 'yar fari ce, ta haifi ɗanta na fari, har rai ya yi halinsa Yaro take ce masa. Littafin ya ci kyautar adabi ta NLNG, dala 100,000, a 2016.

Can wurin Sinawan Amurka ma akwai irin wannan kawaici. Jade Snow Wong ta fitar da tarihin rayuwarta, Fifth Chinese Daughter, a 1950, amma ba ta ba da labarin da "ni" ba. "Ita" ta yi ta cewa, sai ka ce wata take ba ka labarinta, don a tarbiyyar gidansu rashin ladabi ne mutum ya tura kansa gaba.

Tagwaye a bakin hanya

Littafin da ya fito da Amy Tan, The Joy Luck Club na 1989, labarin iyaye mata huɗu ne da 'ya'yansu mata huɗu a San Faransisko, an kasa shi gida 16. Wanda ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne na Suyuan, wadda ta gudu daga birnin Kweilin lokacin yaƙin Japan ɗauke da tagwaye jarirai mata. Ta yi ta yar da kayanta a hanya, atuni ya ci ƙarfinta, ta saddaƙar mutuwa za ta yi. Tsoronta shi ne idan aka tarar da yaran kusa da gawa ba mai ɗaukarsu. Sai ta ajiye su a bakin hanya, ta cusa musu kuɗi da kayan ado da hotuna masu adireshi a cikin riga, ta ja jiki ta yi gaba. Ba ta mutu ba. Ta shekara wajen 40 tana cigiyarsu, ta rasu ana gab da gano su.

Ba ƙage ne zalla ba. Daisy ta bar 'ya'ya mata uku a Sin a 1949, 'ya'yan mijinta na fari, kuma Amy ba ta san tana da yayye ba sai da ta yi wayo sosai. A 1987 ta raka uwar suka je suka gan su.

Mu ma muna da irin wannan uwa a adabinmu. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, uwa ce ta keta Sahara, ta faɗa hannun masu bauta, duk don neman ɗanta. Ta same shi, ba ta daɗe ba ta cika. Ayesha Harruna Attah ta Gana kuma ta rubuta The Deep Blue Between a 2020, labarin Hassana da Husaina da harin bayi ya raba: ɗaya ta zauna a ƙasar Gana ta yau, ɗaya ta bi ta Legas har Bahiya ta Burazil.

Garin gwauraye

Me ya sa sai a shekarun 1970 da 1980 irin littattafan nan suka yawaita, alhali Sinawa na Amurka tun wajen 1850? Saboda iyayen mata ba su samu shiga ba. Wata doka ta 1875 ta toshe wa matan Sin hanya, ta 1882 ta hana leburorin Sin shiga, ba a soke ta ba sai 1943, kuma ko da aka soke mutum 105 kacal aka yarda su shiga a shekara. Unguwannin Sinawa suka zama na maza zalla.

Girgizar ƙasa da gobarar San Faransisko ta 1906 sun cinye takardun haihuwa. Nan da nan mutane da yawa suka ce ai a nan aka haife su, suka riƙa sayar da gurbin "ɗa" ga yaran wasu. Yaro ya zauna ya haddace inda rijiya take da yawan tagogin gidan da bai taɓa gani ba, don tambayoyin da za a yi masa a tsibirin Angel, inda aka riƙa tsare baƙi daga 1910 zuwa 1940. Akwai zuriyar da har yau sunan aro take amsawa. Shirun iyayen nan yana da dalili: wanda ya shiga gari da sunan wani ba ya sakin baki, ko a gaban 'ya'yan cikinsa.

Kwanon jere

Sinawa sun daɗe da shiga tsakanin uwa da 'ya a ƙasar Hausa, ta ƙofar ɗakin amarya suka bi. Da can da ƙorai ake jere, da tasoshin tagulla. Sai kwanon ƙarfe mai fenti ya zo: langa, kwalla, fanteka, samira. Kaso mai yawa na waɗannan kwanuka aikin Sinawan Hong Kong ne, waɗanda suka fara da turo kaya, sannan daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 suka kwaso injinansu suka kafa masana'antu a Najeriya, har da Kano. A zamanin ne Cha Chi-ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, inda atamfar lefe mai yawa ta fito.

Ka shiga ɗakin wata tsohuwa a Basirka ka duba bango. Kwanuka ne a jere, babba a ƙasa ƙarami a sama, har kusa da rufi, masu jan fure da shuɗi, waɗansu ba a taɓa zuba miya a cikinsu ba. Tun yarinya na goye uwa ke saye ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin ƙuli-ƙuli, da na man gyaɗa, da ribar tallan da yarinyar kanta za ta girma ta kai kasuwa, da kwasar adashi. Uwar da ba za ta iya kallon 'yarta ta ce tana son ta ba, ta shekara 15 tana faɗin haka da kwano. Kuma ba ado ne kawai ba. Ranar da gida ya ƙi daɗi, ko ciwo ya zo miji ba ya nan, kwallar nan ita ce za ta fita ta dawo da kuɗi. Yau tangaran da kuloli da kayan roba sun karɓe wurin, su ma mafi yawansu daga Sin suke zuwa.

Matan littafin Amy Tan ma ba wasan majong kaɗai ke tara su ba. Suna zuba kuɗi wuri ɗaya suna sayen hannun jari. Da Suyuan ta rasu, ƙawayenta uku ne suka miƙa wa 'yarta Jing-mei dala 1,200 ta je Shanghai ta ga yayyenta. Duk macen da ta taɓa yin biki a ƙasar nan ta san wannan haƙƙi: ƙawar uwa ai uwa ce.

A nan ne kuma zuciyar littafin take. Tsofaffin suka ce mata idan ta je ta ba tagwayen labarin uwarsu. Yarinya ta nuna ita ba ta san abin da za ta faɗa ba, ba ta san uwar ba. Hankalinsu ya tashi, don kowacce ta hango tata 'yar. Wannan tashin hankali nake so mu ji a jikinmu. 'Ya takan san muryar uwarta, da faɗanta, da ɗanɗanon miyarta, amma ba ta san wace ce ita kafin a haife ta ba: auren farinta, 'ya'yan da ta binne, garin da ta baro, karatun da aka cire ta.

Su ba wanka, mu wanka biyu

Mace ta haihu a Sin, wata guda take yi a ɗaka. Ba shan iska, ba ruwan sanyi, a tsohuwar al'ada ba wanka ba wanke kai, sai romo mai zafi da citta, uwa ko suruka na tsaye a kanta. Mu kuma kwana 40 ne, da wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, da kunun kanwa, da nama mai yaji. Su sun guje wa ruwa, mu mun rungume shi, amma abin tsoron ɗaya ne: sanyi.

Haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Sau da yawa a wannan wankan ne 'yar fari ke fara jin hannun mahaifiyarta a jikinta tun bayan yaye.

Likitocin asibitin koyarwa na Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Don haka yarinyar da ta yi kwalejin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu takan dawo wankan gida da magana a bakinta.

"Inna, don Allah a rage kanwar nan, tana kumbura mutum."

"Ke 'yar nan, da ita na yi jegonku duka. Karɓi ki shanye tun da zafi."

A kan kanwa 'yar ce ke da gaskiya, kuma dole a saurare ta, don rai ake magana. Sai dai ta san da wace murya za ta faɗa, domin matar da take wa gyara ita ce ta tashi tun kafin assalatu ta hura wutar ruwan.

Linzami

Mahaifiyar Maxine Hong Kingston ta yi karatun ungozoma a Kanton, tana duba marasa lafiya a ƙauyensu. Da ta iso Amurka sai aikin gidan wanki da guga. A littafin The Woman Warrior na 1976 Kingston ta ce uwar ta gaya mata ta yanka mata ƙasan harshe tun tana jaririya don bakinta ya sake, ya iya kowane yare. Wanzamanmu sun san wannan aiki, su da ke cire belu su yanka linzami. Uwar ta kuma ba ta labarin wata gwaggonta da ta yi cikin shege ta faɗa rijiyar gida da jaririn, dangi suka shafe sunanta, ta gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa. Da wannan labarin 'yar ta buɗe littafin.

Rubutun da maza ba su iya ba

A gundumar Jiangyong ta lardin Hunan mata sun ƙago rubutunsu na kansu, Nushu, uwa ta koya wa 'ya, ƙawa ta koya wa ƙawa. Rana ta uku da aure uwa da ƙawaye kan aika wa amarya ɗan littafi mai bangon ƙyalle, cike da nasiha da kukan rabuwa. Idan mace ta mutu akan ƙone nata ko a binne ta da shi, shi ya sa kaɗan suka rage. Yang Huanyi, wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe da ta gaji rubutun tun tana yarinya, ta rasu a 2004, kuma a 2005 Lisa See ta gina Snow Flower and the Secret Fan a kansa.

Matan Birnin Kudu nasu a dutse yake. Duwatsun garin masu zanen shanu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai masu amo idan an buga, kuma Bernard Fagg, wanda ya yi bincike a kansu a shekarun 1950, ya tarar amaren garin na zuwa wajen dutsen a cikin hidimar bikinsu.

Takardar da 'ya ta kasa karantawa

A littafin Amy Tan The Bonesetter's Daughter na 2001, uwa ta ga mantuwar tsufa na cinye ta, sai ta zauna ta rubuta tarihinta da rubutun Sin. 'Yar, haihuwar Amurka, ba ta iya karantawa ba, sai da ta nemo mai fassara. Daisy kanta da wannan ciwon mantuwa ta ƙare.

Akwatunan kakanninmu cike suke da wasiƙu da waƙoƙin wa'azi na ajami da jikoki ba sa iya bi. Hausa dai tana nan da ƙarfinta a kasuwa da rediyo da waya, ba ta cikin harsunan da ake wa fargaba. Amma akwai gidajen Hausawa a Abuja da Legas da Landan da za a miƙa wa yarinya waya kakarta na magana daga Gwaram, a gama "ina kwana" da "lafiya lau", shi ke nan hira ta ƙare. Ba yarinyar ce ta zaɓi haka ba, mu iyaye ne muka zaɓar mata. A ɗaya gefen kuma, gidan rediyon Sin na Bejin yana watsa shiri da Hausa tun 1963, ma'aikatansa Sinawa suna amsa sunaye irin su Kande da Lubabatu da Tasallah.

Namu baƙin

Bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Ga kuma dubban maniyyata da suka tafi a ƙasa suka yi zamansu a hanya ko a Makka. Cikin zuriyar mutanen yamma da suka zauna can aka sami A'isha Falatiya, mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. A Saudiyya aka sami mawaƙiya Itab, 'yar gidan Hausawi, ta rasu a 2007. Mahmud Tarawuri na Saudiyya ya rubuta Maimuna da Larabci a farkon shekarun 2000, labarin iyalin da suka taso daga Afirka ta Yamma suka zauna Hijaz. Muhammad Nasihu Ali, ɗan zangon Kumasi mazaunin Amurka, ya fitar da The Prophet of Zongo Street a 2005, da Turanci.

Ga kayan labari jibge: uwa mai daka fura a Jidda da 'yar da ke jin kunyar a ji ta tana Hausa a makaranta, uwa a Sabon Ibadan da 'yar da Yarbanci ya fi zama a bakinta. Wannan littafi nake ɗokin in karanta, kuma da Hausa nake so a rubuta shi.

Riƙo

Daga 1980 zuwa 2015 Sin ta yi dokar haihuwar ɗa ɗaya, kuma yara sama da 80,000, mafi yawansu mata, Amurkawa suka ɗauka riƙo, galibi ba a san iyayensu ba. Riƙon Bahaushe dabam ne, yarinya ta san uwar haihuwa ta san uwar goyo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙo, ta aurar, ta ga jikoki.

Ramat

Sunan da ke tsakiyar sunan marubuciya Balaraba Ramat Yakubu, da na yayanta Janar Murtala Ramat Muhammad, na mahaifiyarsu ne. An cire Balaraba daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, abin da ya sa da Hausa take rubutu. A Wa Zai Auri Jahila? ta kawo Abu, wadda aka cire daga aji aka ba tsoho, ta gudu ta koma karatu. Lindo ta The Joy Luck Club tana da shekara biyu aka yi mata miji, tana 12 aka kai ta gidan surukai, ita ma da dabararta ta fita. Littattafan biyu shekara guda ce tsakaninsu, 1989 da 1990.

A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, miji ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta yi auren da ya share mata hawaye. Aliyu Kamal ya fassara shi, kuma ba a Landan ko Legas aka buga ba, kamfanin Blaft ne na birnin Chennai a Indiya ya fitar da shi a 2012.

Ba inda aka bar matan nan suka yi rubutu cikin kwanciyar hankali. Marubuci Frank Chin ya zargi Kingston da Tan da gurɓata tatsuniyoyin Sin don faranta wa Turawa. A Kano an ce littattafan mata na ɓata tarbiyya, har aka tara waɗansu aka cinna musu wuta a bainar jama'a a 2007. Ba su ajiye alƙalami ba. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, wanda ya tashi a kan 'yar Fulanin da ta ƙi bin zaɓin dangi, layin bai yanke ba. A 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, kuma wadda ta fara ci, A'isha Muhammad Sabitu, labarinta Sansani a kan 'yan gudun hijira ne.